Tambaya da Amsa: Me ya haɗa tsuntsayen jan-baki da gilashin waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Dadin Kowa, jihar Gombe. Idan shinkafa ta fara nuna, mukan ga dubban tsuntsayen jan-baki suna juyawa a sama lokaci guda, babu mai karo da ɗan'uwansa. Na ji an ce masana fiziks suna nazarin irin wannan motsi, har ma wai yana da alaƙa da gilashin wayar hannu. Mene ne gaskiyar maganar, kuma ina aka kwana a binciken?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma fannin ana kiransa kimiyyar abubuwa masu motsa kansu. Ruwan madatsar Dadin Kowa ba ya gudu sai gangara ta ja shi, amma kowane tsuntsu da ke cikin wancan taro yana ƙona abincin da ya ci ne ya tura kansa gaba, kuma haka bakteriya da ƙwayoyin halittar jikinmu suke. Tunda kowane ɗaya yana ɗauke da nasa makamashin, dokokin da aka tsara domin abin da ya natsu wuri ɗaya ba sa wadatarwa.

A 1995 Tamás Vicsek na ƙasar Hangari ya nuna da kwamfuta cewa idan kowane ɗigo mai tafiya ya bi alƙiblar maƙwabtansa, taron gaba ɗaya yakan fuskanci gefe guda ba tare da shugaba ba. A 2008 kuma masu bincike a birnin Roma, bayan sun ɗauki hotunan tarin tsuntsaye, suka gano cewa kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta shida ko bakwai kawai, komai nisansu da shi.

Batun gilashin waya ya shigo ne ta wata ƙofar. A fuskar wayoyi da talabijin da yawa akwai wani ruwa mai ɗauke da ƙwayoyi dogaye sirara, waɗanda ke jeruwa su miƙe ta fuska ɗaya alhali suna kwarara, kuma wannan yanayi shi ake kira nematik. Na cikin waya ba ya juyawa sai lantarki ya taɓa shi. A 2012 ɗakin binciken Zvonimir Dogic na Jami'ar Brandeis a Amurka ya haɗa wanda ke motsa kansa: suka ɗauki siraran zaruruwan furotin da ke cikin ƙwayar halitta, suka zuba musu kinesin, wani furotin da ke tattaki a kan zaren, kowane taku nanomita 8 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), yana ƙona ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta makamashi. Da zaruruwan suka fara zamewa a jikin juna, sai jerin ya lanƙwashe, ya karye, ya sake haɗuwa, ruwan ya yi ta tuƙa kansa har makamashin ya ƙare. Tun 2002 Sriram Ramaswamy da Aditi Simha na Indiya suka nuna da lissafi cewa irin wannan jeri ba zai iya tsayawa miƙe ba.

A ganina, wuraren da jerin ya karye su ne zuciyar binciken. Malam, dubi zanen babban yatsanka da kyau: a yawancin yatsu akwai inda layuka suka yi lanƙwasa suka dawo, akwai kuma inda suka haɗu ta kusurwa uku. Waɗannan siffofi biyu su ne ke bayyana a nematik, tare suke fitowa, kuma idan suka sake gamuwa sai su shafe juna. Mai lanƙwasar yana tafiya da kansa, shi kuwa mai kusurwa uku sai dai ruwa ya ɗauke shi.

A 2017 masu bincike a Singafo suka gano cewa a shimfiɗar ƙwayoyin halitta, a kan irin wannan lanƙwasa ne ƙwaya ta fi mutuwa a fitar da ita daga jeri. A 2021 kuma wani bincike kan haidira, ƙaramar halittar ruwa da ke sake tofowa daga guntun jikinta, ya nuna cewa kai da gindi suna fitowa ne daidai wuraren da jerin zaruruwan jikinta ya karye. Ke nan wurin da ake wa kallon aibi yana da hannu wajen tsara siffar jiki, abin da ya kamata ɗalibanka na fiziks da na bayoloji su ji tare.

Yanzu an fi mayar da hankali kan yadda za a sarrafa wannan kwarara, ta hanyar tsare ruwan cikin ƙananan kwaroro ko ta amfani da kinesin da haske ke kunnawa. Sai dai kada a yi gaggawar yi wa manoma alkawari, domin yawancin aikin yana ɗakin gwaji ne, kuma bai kai ga samar da hanyar korar jan-baki daga gonar shinkafa ba tukuna.