Ka zuba miliyan 2 a gem, to sunan wa ke kan akawun ɗin?

Wani bawan Allah mai shagon waya a Farm Centre Kano ya turo min tambaya. Ɗan yayarsa ya iya haɗa gem na waya, ya ba shi labarin wani kamfanin gem na Turkiyya da aka saya da maƙudan daloli, ya ce zai yi musu gem ɗin dara su sa a Play Store, shi kuma ya ba shi naira miliyan 2, an sayi laftof an biya mai zane sauran ya tafi a data da fetur. Yanzu wata 7 kenan, yaron yana neman ƙarin miliyan 1 da rabi na talla. Ya ƙara ko ya tsaya? A can ƙarshen saƙon ya ce ba su rubuta komai ba tunda ɗansa ne, akawun ɗin gem ɗin na Google ma yaron ne ya buɗe da imel ɗinsa.

Alhaji, wannan layin da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne matsalarka gaba ɗaya, ba maganar talla ba.

Harkar gem ba ƙarya bace, kar ka ji na ce ƙarya ce. Labarin da yaron ya ba ka na Turkiyya gaskiya ne, a 2020 kamfanin gem na Zynga ya sayi kamfanin Peak Games na Istanbul a dala biliyan 1.8. Free Fire ɗin da yaran shagonka ke bugawa a Biyetnam aka haɗa shi, Ludo King kuma daga Indiya. A Legas akwai Maliyo Games tun 2012, a Yawunde akwai Kiro'o Games. Amma dan Allah ka daina lissafin dala a kwance, waɗannan su ne 'yan ƙalilan da suka fita cikin dubbai da suka mutu ba wanda ya ji sunansu, kuma Maliyo sun fi shekara goma suna wannan aikin, kai wata 7 har ka fara tunanin motar da za ka saya.

Mu dawo kan kuɗinka. Kai mai shago ne, in ka ba mutum jari kana ganin kaya a kanta, ko ya gudu kwalayen waya suna nan ka ƙirga. Gem ba shi da kanta. Dukiyar duk tana wuri huɗu ne, rubutun kwamfuta da aka gina gem ɗin da shi, akawun ɗin Play Console da ake sa gem a Play Store da shi, wanda dala 25 kacal ake biya a buɗe, akawun ɗin AdMob inda kuɗin talla ke taruwa, sai bankin da aka haɗa da shi. Duk huɗun suna hannun yaron. Ranar da kuɗi ya kai dala 100 Google suka tashi biya, wayarsa ce za ta yi ƙara ba taka ba, kuma ba ka da ko fasawod ɗin da za ka leƙa ka ga mutum nawa suka sauke. A wajen Google kai baƙo ne, miliyan 2 ɗinka kyauta ce kawu ya yi wa ɗansa.

Na ga irin wannan da idona, ba gem bane, manhajar sayar da data ce. Wani mutum ne ya ba ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya kuɗi, ƙanin ba ɓarawo bane wallahi, aiki kawai ya samu a wani gari ya tafi da laftof ɗin, lambar da aka buɗe akawun da ita ta ɓace. Mun zauna a falon babansu da dare, mai kuɗin yana ta jujjuya waya yana nuna alat na tiransifa ɗaya bayan ɗaya, ƙanin na cewa ai shi ya ɗauka taimako ne, mahaifiyarsu na kuka a bakin ƙofa tana cewa a bar maganar saboda zumunci. Aka bari. Kuɗin ya tafi kuma har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Abin ya daɗe yana min ciwo, domin takarda ɗaya da ta raba wannan rigimar tun ba ta fara ba.

Na san abin da ke ranka, kunya kake ji kar yayarka ta ce ba ka yarda da ɗanta ba. To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba a ce banda 'yan uwa ba.

Kar ka ƙara sisi yanzu. Ka kira yaron da mahaifinsa da mutum biyu, a rubuta nawa ka zuba, kashi nawa naka kashi nawa nasa, shi ma haƙƙinsa ne a rubuta domin gumin nasa jari ne, da kuma me zai faru da gem ɗin in ya samu aiki ya tafi. Ku yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunanku biyu, ku buɗe akawun na banki da sunan kamfanin, a mayar da gem ɗin akawun ɗin Play Console na kamfanin tunda Google suna bari a canja wa manhaja akawun, kuma kwafin rubutun ya zauna a wurin da kai ma kake da mabuɗi.

Bayan nan sai maganar talla, kuma ba miliyan 1 da rabi ba. Ku gwada da dubu 100, ku ga cikin waɗanda suka sauke nawa ne suka dawo suka sake bugawa bayan sati ɗaya, ka gani da idonka a allon ba wai a gaya maka ba. Ka kuma sani tallar da ɗan Najeriya ya kalla kuɗinta bai kai kusa da na ɗan Amurka ba, don haka yawan masu saukewa kaɗai ba ya biyan ko kuɗin data. In yaron ya ce shi ba zai sa hannu a takarda ba, ka karɓi laftof ɗinka cikin mutunci ka mayar da miliyan 1 da rabin nan kan wayoyi.