Wayo, hankali da tunani: ina bambancinsu?

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Na yabi yaron maƙwabcina Bayarabe na ce yana da wayo, sai uban ya ɓata rai. Laifin me na yi? Kuma mene ne bambancin wayo da hankali?

Amsa: Ɗan'uwa, a Hausa ba ka yi laifi ba. Kalmar ce ta sauya riga a hanya. Wayo ya shiga bakin 'yan Legas ta Turancin buroka, amma da fuska ɗaya kawai: damfara. Shi uban abin da ya ji shi ne ka kira ɗansa macuci.

A wurinmu wayo kaifi biyu gare shi, kuma abin da ke gefensa ne ke rarrabewa. In aka ce yaro ya yi wayo, ana nufin ya fara gane mutane, ya san wuta na ƙuna. In kuwa ka ce wane ya yi mini wayo, wannan "mini" ta mai da shi cuta. Shi ya sa Gizo na tatsuniya mai wayo ne, amma ba wanda ya taɓa kiransa mai hankali.

Hankali ya fi nauyi. Asalinsa Larabci ne, daga aƙal, kuma ya haɗa natsuwa, kunya da sanin ya kamata. Yaron da ya durƙusa ya gai da manya, ya dawo da canji cif, shi ne mai hankali ko da bai iya lissafi ba. Saurin gane karatu kuma basira ce ko kaifin ƙwaƙwalwa.

Inda na fi so a kula shi ne asibiti. "Hankalina ya tashi" fargaba ce da damuwa, ba taɓin hankali ba. "Hankalinsa ya gushe" kuwa magana ce babba, ko suma ko fita hayyaci. Haka tunani: aiki ne na kowa, amma in mace ta ce tunani ya yi mata yawa, ba ta barci, ba ta cin abinci, ciwo take faɗa. In ka raka ɗan'uwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kana yi masa tafinta, kada ka tsaya kan kalma ɗaya. Faɗa wa likita kwana nawa bai yi barci ba, yana gane mutane ko a'a, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba.

Shi kuwa maƙwabcinka, koma ka ce masa ɗansa yana da hankali da tarbiyya, ka fassara masa abin da kake nufi.