Faɗaɗa rim ɗin tsohuwar mota: doka ta yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na gaji Peugeot 504 ƙirar Kaduna daga mahaifina, ina kuma gyara ta a hankali. Wani mai walda ya ce zai yanka rim ɗinta na ƙarfe ya ƙara masa faɗin inci 2 don in sa taya mai faɗi, ya ce da zarar an yi balansin magana ta ƙare. Da ita nake kai iyalina Abuja, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Doka ta yarda da wannan aiki? Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba.

Ta fuskar doka, abin da hukuma ke dubawa shi ne cancantar mota ta hau hanya. Jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, ke ba da takardar lafiyar mota, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma tana da hurumin kama motar da ke da nakasu, kuma rim mai tsaga ko tayar da ke gogar jikin mota nakasu ne. Sai dai kada takardar ta ruɗe ka, domin da wuya ka ga an kwance ƙafa an duba walda ta ciki kafin a buga hatimi, wani ma a gida ake kawo masa takardarsa motar ba ta motsa ba. Idan inshorarka cikakkiya ce, sanar da kamfanin a rubuce, don ɓoye irin wannan sauyi kan zama hujjar hana diyya. A Jamus, rim ɗin da aka sauya ba ya hawa titi sai masu binciken lafiyar mota na TÜV ko takwarorinsu sun amince.

Maganar balansin ce ta fi ɓata mini rai, don kusan kullum sai na ji ta. Balansin nauyi kawai yake daidaitawa: ana liƙa 'yar dalma a ɓangaren da ya gaza nauyi. Ba ya miƙe rim ɗin da ya karkace, ba ya kuma gaya maka ko walda ta ci ƙarfe har ciki. Rim ɗin da aka yanka da injin hannu, aka cusa masa zoben ƙarfe, aka haɗa da ƙiyasin ido, yana iya karkacewa da milimita 2 ko 3, injin balansin ya nuna sifili, amma ƙafar tana rawa a kowane juyi. Wannan rawa ita ke gajiyar da ƙarfen da ke gefen waldar, wanda zafi ya riga ya sauya masa hali, sai tsaga ta fara kamar gashi a ƙarƙashin fenti inda ido ba ya kaiwa. Ba lallai a cikin gari take bayyana ba. Tana iya jiran gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Abuja, lokacin da motar ke cike da mutane da kaya, birki ya yi zafi, nauyi duka ya koma kan ƙafar gaba a kwana.

Wasu kuma idan rim ya fara zubar da iska ta wajen waldar sai mai faci ya zura tif a ciki a ce an warke, alhali an toshe bakin abin da ke yi maka gargaɗi ne kawai. Masu cewa walda ta fi ƙarfen asali ƙarfi, ka tambaye su da me suka auna.

Ko da aikin ya yi kyau, inci 2 da aka ƙara ta waje yana tura tsakiyar taya waje da inci 1, boris ya ɗauki nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba, sitiyari ya yi nauyi yana fizga a rami.

Ana iya yin aikin daidai, amma sai an yanka a kan injin juya ƙarfe, an ɗaure a ma'auni, an auna karkata da agogon awo, an gwada iska da tsaga. Wanda ba shi da waɗannan kada ya taɓa rim ɗinka. Ni da ni ne, kasuwar kayan mota ta Dilimi a Jos zan shiga in nemi rim ɗin Peugeot 505, domin ramukan notinta huɗu ne a da'irar milimita 140 kamar na 504, kuma wasu samfuranta sun zo da rim mai faɗi daga masana'anta. Ka gwada ɗaya a ƙafar gaba, ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kafin ka biya kuɗi.