Ga mai neman aikin lakcara tsakanin adabi da aikin jarida

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce digirinki na farko a Hausa kika yi shi, na biyu a aikin jarida, kundinki kuma a kan finafinan Kannywood. Kina tambayar sashen da ya kamata ki nema, da ko ki jira aiki ko ki zarce digiri na uku. Hanyar da na bi ke nan, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kafin kwamitin ɗaukar aiki ya buɗe kundinki, takardunki yake jerawa ya ga ko sun bi layi ɗaya. A wata jami'a shugaban sashen harsuna ya ce mini ai ni na 'yan jarida ne. Da na je wajen 'yan jaridar, suka ce digirina na farko ba nasu ba ne. Na zama jemage, ba ga tsuntsu ba, ba ga dabba ba. Shekara uku na yi ina koyarwar wucin gadi a wata kwaleji, ana biyana bisa awa, wani lokacin sai zango ya ƙare kuɗin bai fito ba.

Abin ya yi mini ciwo, domin a garin nan adabi da jarida gida ɗaya suka tashi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, editanta kuwa Abubakar Imam ne, wanda a yau ake nazarin littattafansa a sashen harsuna. Amma tsarin ɗaukar aiki bai san wannan ba, sashe ya sani.

Shawarata, ki yi digiri na uku, kuma ki yi shi a sashen da kike son zama. Ni da na koma Hausa na yi shi ne ƙofa ta buɗe, saboda na farko da na ƙarshe sun haɗu. Ga kuma matsayi: a al'ada mai digiri na biyu mataimakin lakcara ake ba shi, mai na uku ya shiga a lakcara na biyu. Idan zuciyarki na wajen fim ne, ki sani Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni, har da na fim, kuma sababbin sassa za su buƙaci malamai. Mu ba mu samu wannan ba.

Kada kundin nan ya kwana a kabad. Ki fitar da maƙala biyu daga cikinsa, ki kai mujallar da malamai ke tacewa, ba wadda za ki biya yau a buga gobe ba. Ki riƙa shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru duk ranar da ake gabatar da takarda, ki yi tambaya, a san fuskarki. Sanayya tana aiki, ba zan ɓoye miki ba, amma malamin da ya ji ki kina kare bincikenki ya fi saurin tuna sunanki idan gurbi ya samu.

Kada kuma ki zuba ido ga Jami'ar Ahmadu Bello kaɗai, ki leƙa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da jami'o'in jihohi. Takardar bautar ƙasa, da ta asalin ƙaramar hukuma, da cikakken sakamakon digirorinki, ki haɗa su tun yanzu, don tallar ɗaukar aiki kan fito da wa'adin makonni kaɗan. Allah Ya sa a dace.