Amsa ga Ɗana Kan Sallama da Neman Yafiya

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso gare ni. Ka tambaya ko dole ne ka bi gidajen dangi a Ƙauran Namoda kana sallama kafin ka tafi wurin sabon aikinka a Fatakwal, tunda ga waya a hannu, kuma ka ce maganar nan ta “mu yafi juna” da tsofaffi ke yi wa matafiyi tana yi maka nauyi, kamar ana yi masa fatan mutuwa.

Babu fatan mutuwa a ciki. Sallama a wurinmu lokaci ne na sauke haƙƙi, domin duk zaman da aka yi tare ba ya rasa ɗan bashi, ko saɓani, ko alkawarin da ba a cika ba, kuma a ranar rabuwa ne babba kan nemi yafiyar ƙarami ba tare da girmansa ya zube ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, har ma da bayan isowarsa, mai niyyar Makka yakan bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa, yana tsayawa yana noma ko ƙodago don ya sami guzuri, har ya share shekaru a hanya, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Irin wannan matafiyi ba ya barin gari sai ya biya bashi, ya mayar da ajiyar mutane, ya damƙa amanar iyalinsa ga wani, ya yi wasiyya a gaban shaidu. Yanzu tafiya ta yi sauƙi, amma abin da ke wuyan mutum yana nan yadda yake.

Addini ma haka ya koyar. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi su warware tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, kuma mai abin da zai yi wasiyya a kansa kada ya kwana biyu ba a rubuce take ba. Wasiyyar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a raba gado sai an fitar da bashi. Shi ya sa ka sha ji a wurin jana'iza wani daga dangi ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same shi. A nan ne nake ganin mutanenmu na yanzu suna sakaci: a dafa shinkafar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a yi haya ta rumfa da kujeru, alhali mai kanti yana zaune cikin masu gaisuwa, kunya ta hana shi faɗin abin da yake bi. Zaman makoki kwana uku ne, sai matar mamaci da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma. Sadakokin nan kuwa, malamai sun yi saɓani a kansu, amma ba su yi saɓani kan biyan bashi ba.

Saboda haka ka je da ƙafarka. Ka fara da ɗan baffanka wanda kuka yi cacar baki kan iyakar gona, tun kafin ka je inda ake murnar ganinka, sannan goggonninka da maƙwabta da malamin da ya koya maka karatun allo. Ka durƙusa, ka riƙe ɗan goro ko sabulu. In tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ba ka kuɗin shan ruwa a hanya, ka karɓa da hannu biyu komai ƙanƙantarsa, in kuma ta tashi raka ka bakin zaure kada ka hana ta. Mahaifiyarka ita ce ta ƙarshe, da albarkarta za ka fita.

Dangin da ke ƙauyukan da hanyarsu ba ta da tsaro, ban ce ka jefa kanka cikin haɗari ba. Ka kira kowa da sunansa ya ji muryarka, amma saƙo guda da ake tura wa mutum hamsin a WhatsApp ba ya zama sallama.

Ka kuma rubuta waɗanda kake bi da waɗanda ke binka, ka bar takardar a hannun yayanka. Amma ka fara kawo mini ita ranar Alhamis bayan la'asar mu duba tare.

Kawunka.