Da Me Ake Yabon Mai Gabatar da Ƙara Ranar da Zai Ajiye Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni lauya ce a ofishin gabatar da ƙararraki, kuma shugaban sashenmu, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana tsaya wa gwamnati a gaban alƙalai, zai yi ritaya wata mai zuwa. An ɗora mini nauyin yin jawabi a taron ban kwana. Abokan aiki sun ce in tattaro adadin mutanen da ya sa aka ɗaure, domin a ganinsu wannan ne babban abin alfaharinsa. Shin hakan ya dace?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Barista. Shawarata ita ce ki bar wannan lissafi a cikin fayil. Yawan ɗauri yana nuna cewa mutum ya yi aiki tuƙuru, amma ba ya nuna ko ya yi adalci, alhali adalcin ne aka ɗauke shi aiki dominsa. Tun a 1935 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Berger, ta bayyana cewa burin gwamnati a shari'ar laifi shi ne gaskiya ta yi halinta, ko da kuwa ita ce za ta sha kaye. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kyuba a 1990 sun ƙara da cewa bai kamata mai gabatar da ƙara ya shigar da tuhuma ko ya ci gaba da ita ba idan bincike na gaskiya ya nuna ba ta da tushe.

Saboda haka ki nemo abubuwan da ba a rubuta su a jadawali. Ki tambayi tsofaffin ma'aikata: wace ƙara ce ya ƙi shigarwa domin hujja ba ta cika ba, duk da matsin lamba daga sama? Yaushe ya miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma wata shaida da ya san za ta rusa ƙararsa? Yaya yake zama da iyalan wanda aka kashe, ko da shaidar da tsoro ya hana ta buɗe baki? Labari ɗaya irin wannan, idan kin tabbatar da shi, ya fi shafi guda na alƙaluma.

Misalin da nake yawan tunawa shi ne na Robert Morgenthau, wanda ya riƙe ofishin babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, wani yanki na birnin New York a Amurka, daga 1975 zuwa 2009, ya sauka yana da shekara 90. Ofishinsa ne ya sa aka ɗaure wasu matasa biyar bisa harin da aka kai wa wata mata a lambun Central Park a 1989. Da wani mutum daban ya amsa laifin a 2002, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya gaskata shi, ofishin nan dai ya nemi kotu ta soke hukuncin, aka kuwa soke. Shekarun da yaran suka yi a kurkuku ba su dawo ba, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa, amma amsa kuskure a bainar jama'a abu ne da ba kowane mai iko ke iyawa ba.

A cikin jawabinki, kada ki ambaci sunan wanda aka taɓa gurfanarwa, domin wasu sun gama zaman hukuncinsu sun koma cikin iyali, kuma kada ki taɓa shari'ar da ke gaban kotu ko wadda aka ɗaukaka ƙara a kanta. Ki ware wa magatakarda da masu bincike layi biyu, tunda da bazarsu shugaban naku ya yi rawa. Batun kyauta kuwa, lambar yabo daga ofis ta wadatar. Idan za a yi karo-karo, ya tsaya tsakanin ma'aikata, kada a karɓi ko sisi daga lauya ko ɗan kasuwar da ke da magana a teburinku.