Kun Tambaya: Matuƙi ɗaya ko biyu a ƙaramin jirgin jet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Kyaftin. Maigidana ɗan kasuwa ne, idan tafiya ta matse yakan ɗauki shatar ƙaramin jirgin jet mai kujeru shida ko bakwai. Kwanan baya na bi shi, sai na ga matuƙi ɗaya ne tal a gaba, kujerar da ke damansa babu kowa. Hankalina bai kwanta ba har muka sauka. Da na yi magana sai aka ce ai jirgin don mutum ɗaya aka ƙera shi, kuma doka ta yarda. Shin haka ne? Idan wani abu ya sami matuƙin a sama fa? Daga wata Hajiya mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, ranki ya daɗe. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, sai dai ba a ƙarasa miki zancen ba.

Akwai jiragen jet da hukumomi suka amince mutum ɗaya ya tuƙa su, kuma abin ya daɗe. Tun 1977 kamfanin Cessna na Amurka ya sami wannan izini a kan jirginsa Citation I/SP. Bayansa aka yi jerin CitationJet, da Citation Mustang, da Phenom 100 da Phenom 300 na kamfanin Embraer na Brazil, da HondaJet, da Pilatus PC-24, da Vision Jet na kamfanin Cirrus mai inji ɗaya. An tsara ɗakin tuƙinsu yadda hannun mutum ɗaya zai kai ga kowane maɓalli daga kujerar hagu, kuma na'urar tuƙi mai sarrafa kanta tana ɗauke masa aiki mai yawa. Shi ma matuƙin sai ya ci jarrabawa ta musamman a kan irin wannan jirgin, shi kaɗai ba mai tallafa masa, kafin a rubuta masa izinin a lasisinsa.

To amma ki duba yadda hukumomin suke yi idan aka zo kan fasinja mai biyan kuɗi. A Turai, dokar EASA, hukumar kula da lafiyar sufurin sama, ta ce jirgin jet na haya, in dai da dare zai tashi ko kuma zai bi tsarin dogaro da na'urori maimakon abin da ido ke gani a waje, sai da matuƙa biyu, komai ƙanƙantarsa. Kusan duk tafiyar jet a wannan tsarin ake yinta, don haka a aikace biyu ne. A Amurka hukumar FAA ta ɗan sassauta: mai jirgin haya zai iya neman izinin sa na'urar tuƙi a madadin mataimaki. Manyan jiragen fasinja kuwa, a duka wuraren biyu, babu zancen mutum ɗaya.

Ni dai na zauna a kujerar hagu ni kaɗai, na kuma zauna da mataimaki, kuma amsata ita ce biyu sun fi, da sharaɗin da zan kawo a gaba.

Na fara da abin da ya fi tsaya miki a rai, wato matuƙi ya suma ko ya rasu a sama. Yana faruwa, amma ba kasafai ba, don ana duba lafiyar matuƙa a kai a kai. Ranar 4 ga Yuni 2023 wani jirgi Citation V ya tashi daga jihar Tennessee zuwa Long Island a jihar New York, da matuƙi ɗaya da fasinjoji uku. Bai jima da tashi ba matuƙin ya daina amsa rediyo. Jirgin ya ci gaba da tafiya da kansa, ya kai Long Island, ya juyo, ya ratsa samaniyar birnin Washington, har aka tura jiragen yaƙi F-16 suka bi shi suka hango matuƙin a langaɓe a kujerarsa. Daga baya ya faɗi a tsaunukan jihar Virginia, babu wanda ya tsira. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri ta ce iskar da ake matsawa cikin jirgin ce ta zube, matuƙin ya rasa iskar shaƙa.

Sai dai irin wannan matsalar ba ta tsoron yawan matuƙa. A watan Oktoba 1999 haka ta faru da jirgi Learjet 35 da ya ɗauko shahararren ɗan wasan golf Payne Stewart daga Orlando. Matuƙa biyu ne a ciki, dukansu suka suma, jirgin ya yi ta tafiya kusan awa 4 har mai ya ƙare ya faɗi a jihar South Dakota. A tsayin ƙafa 35,000, idan iskar ciki ta zube, mutum yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin tunaninsa ya rikice. A ƙafa 40,000 kuwa daƙiƙa 15 zuwa 20 ne. Shi ya sa dokar Amurka ta ce matuƙin da yake shi kaɗai ya sa takunkumin iska a fuskarsa da zarar ya haura ƙafa 35,000, alhali in su biyu ne a jirgin da ba na haya ba, an yarda su ajiye shi kusa har zuwa ƙafa 41,000. Takunkumin yana da takura, yana busar da maƙogwaro, kuma wanda yake shi kaɗai babu mai ganin ko ya sa ko bai sa ba.

Yanzu ma an samu na'urar Garmin Autoland, wadda aka amince da ita a 2020 aka kuma sa ta a Vision Jet. Fasinja zai danna maɓalli ɗaya, jirgin ya zaɓi filin da ya dace, ya sanar da masu kula da zirga-zirgar sama, ya sauka ya tsaya da kansa. Ci gaba ne babba, amma ba kowane jirgi ke da ita ba.

Inda mataimaki ya fi amfani, Hajiya, a ranakun da matuƙin yake garau ne. Ƙaramin jet yana gudun kilomita 700 zuwa 800 a awa, wato kusan kilomita 12 a kowane minti. Lokacin saukowa, musamman a fili mai cunkoso ko cikin gajimare, mutum ɗaya ne zai amsa rediyo, ya sauya hanya a kwamfutar jirgi idan an canza masa titin sauka, ya karanta jerin abubuwan dubawa, ya lura da gudu da tsayi, ya kuma leƙa waje. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. In su biyu ne, ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana sa ido a kan abin da mai tuƙin yake yi, kuma duk lambar da aka shigar sai baki biyu sun maimaita ta.

Ba zan manta da wani dare ba. An ba mu umarnin saukowa zuwa ƙafa 11,000, na amsa daidai da bakina, amma yatsana ya murɗa 10,000 a na'ura. Waɗannan lambobi biyu sun yi suna wajen rikita matuƙa. Mataimakina, yaro ne da bai kai rabin shekaruna a aikin ba, ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce, "Kyaftin, goma sha ɗaya aka ce." Na gyara, muka ci gaba, fasinjoji ba su san an yi ba. Akwai wani jirgi a ƙasanmu a wannan tsayin da na shigar. Da ni kaɗai ne, kunnena ya ji bakina ya faɗi daidai, babu abin da zai sa in sake dubawa.

Ga wanda bai sami mai nuna masa da yatsa ba. Ranar 29 ga Disamba 2016 da dare, wani jirgi Citation CJ4 ya tashi daga filin Burke Lakefront na birnin Cleveland, ya nufi saman tafkin Erie inda babu fitila ko ɗaya da ido zai kama. Matuƙin ya sami izinin tuƙa irin wannan jirgin ne makonni uku kacal kafin nan, kuma ya yi kusan awa 17 idonsa biyu. Bincike ya nuna ya ɗauka na'urar tuƙi ta kama aiki alhali ba ta kama ba, kuma tsarin allonta ya bambanta da na jirgin da ya saba da shi. A cikin duhu irin wannan, jiki yana yaudarar mutum, ya ji kamar jirgi yana hawa alhali yana karkata. Ba a yi minti biyu ba jirgin ya faɗa ruwa da mutum 6. Haka a Disamba 2014, a Gaithersburg ta jihar Maryland, matuƙin wani Phenom 100 da yake shi kaɗai ya sauko cikin yanayin ƙanƙara bai kunna na'urar kakkaɓe ta daga fukafukai ba. Jirgin ya faɗa kan gida, mutum 3 na ciki da 3 na ƙasa suka rasu. A duka biyun, kalma ɗaya daga kujerar dama tana iya sauya labarin.

Yanzu ga sharaɗin. Mataimakin dole ya zama matuƙi na gaske, wanda ya sami horo a kan wannan jirgin, kuma wanda yake da bakin magana. Wasu masu jirage sukan ɗauko mai ƙaramin lasisi su zaunar da shi a dama don fasinja ya ga mutum biyu hankalinsa ya kwanta. Wannan ɗan rakiya ne, wani lokaci ma ƙarin aiki yake zama wa kyaftin, don sai ya riƙa koyar da shi a daidai lokacin da ya kamata ya tattara hankalinsa. A Mayu 2017 wani Learjet 35 ya faɗi dab da filin Teterboro a jihar New Jersey. Kyaftin ya bar wa mataimakin da kamfaninsu bai ba izinin tuƙi ba sitiyari, yana ta yi masa gyara, ba su tsara saukarsu ba, dukansu suka rasu. A Mayu 2014 kuma, a Bedford ta jihar Massachusetts, gogaggun matuƙa biyu na wani Gulfstream IV suka fara gudun tashi ba su cire makullin da ke riƙe fukafukan juya jirgi ba. Mutum 7 suka rasu. Da aka duba bayanan jirgin, sai aka ga a kashi 98 cikin 100 na tashi 175 da suka yi kafin nan, ba su yi cikakken gwajin da zai tona wannan kuskure ba. Sun saba da juna har kowa ya daina duba ɗan'uwansa. Tun bayan haɗarin tsibirin Tenerife na ƙasar Spain a 1977, inda manyan jirage biyu suka yi karo mutum 583 suka rasu, aka fara koyar da matuƙa yadda ƙarami zai ja hankalin babba, babba kuma ya saurara, kuma wannan horon shi ke mayar da mutum biyu su zama kariya.

Wani abin lura, da yawa daga cikin jiragen jet masu matuƙi ɗaya masu su ne ke tuƙa su, 'yan kasuwa da likitoci da ke tashi jefi-jefi bayan sun gama wani aikin. Ƙwararren da tuƙi ne sana'arsa, yana tashi kowane mako, yana zuwa horon na'urar kwaikwayon jirgi a kan lokaci, ba ɗaya yake da su ba. Kamfanonin inshora sun san haka, shi ya sa sukan tilasta wa sabon mai jirgi ya yi awoyi da gogaggen matuƙi a gefensa kafin su yarda ya tashi shi kaɗai.

Saboda haka, Hajiya, idan tafiyar gajera ce, da rana, sama garau, filin da matuƙin ya sani, kuma ƙwararre ne da ya huta, zan shiga jirgin mutum ɗaya da iyalina. Idan da dare ne, ko akwai hadari ko hazo, ko doguwar rana mai sauka uku ko huɗu, ki ce wa maigida ya nemi biyu ya biya bambancin. Masu jirgin haya da yawa suna kawo na biyun in an nema. Ya tambaye su ko mataimakin yana da izinin wannan jirgin a lasisinsa, awa nawa kyaftin ya yi a kansa, da kuma ƙarfe nawa ya fara aiki a ranar. Kamfani mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

In kuma kun sake samun kanku da matuƙi ɗaya, kada kowa ya yi masa magana daga tashi har jirgi ya wuce ƙafa 10,000, haka ma lokacin saukowa, ko da kujerar dama ta ba wani sha'awar zama. Sannan ki roƙi maigida abu ɗaya. Matuƙa biyu in suka haɗa baki suka ce yanayi bai yi ba, da wuya a tanƙwara su. Mutum ɗaya kuwa, yana tsaye gaban wanda ya biya kuɗin jirgi, ana ce masa taron gobe da safe ne, yakan ji nauyi ya amsa abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Duk ranar da ya ce a jira, ko a kwana sai gari ya waye, maigida ya ce masa to, kada ya sake tambaya.